Wayar Tagulla a Ruwan Tutiya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kare aikina na shekarar ƙarshe a jami'a ba, ko da kuwa na manta duk sauran karatun. Aikin shi ne fitar da tutiya, wato zinki, daga ruwan asid da wutar lantarki. Faranti biyu ake tsomawa, na dalma da na alminiyum, a kunna wuta, tutiyar ta riƙa manne wa na alminiyum. Sirrin abin tsabta ce. In ɗan wani ƙarfe ya gurɓata ruwan, sai kumfa ta yi ta tashi, tutiyar da ta manne ma ta koma ta narke. In kuwa aikin ya lalace, maimaita shekara ce ke jirana.

Wata uku ina tace ruwan nan, har 'yan ajinmu suka laƙaba mini Furofesa (ni kuma ban hana su ba). Ana gobe za a zo dubawa, maƙalin farantin dalma ya karye. Na garzaya Tudun Wada wajen wani mai naɗa koyil na injinan lantarki, ya yanko mini wayar tagulla, na dawo na ɗaure farantin da ita.

Madam Rifkatu, mai kula da ɗakin gwaji, ta leƙo ta ce, "Ɗana, wayar nan taka tana taɓa ruwa fa."

Na ce, "Madam, kar ki damu, na san abin da nake yi." Na kunna wuta na yi tafiyata.

Washegari na sha guga, na tsaya gaban malamin da aka gayyato daga wata jami'a, ina ta zuba bayani har da ɗaga yatsa. Na ce ko ƙyas na tagulla ya isa ya kashe aikin duka. Sannan na zaro farantina na alminiyum cikin isa. Baƙi ƙirin, duk huji, yana marmashewa kamar ƙanzo.

Malamin ya gyara tabarau, ya ɗago wayar da na ɗaure farantin dalma da ita. Wuta ta cinye ta, ta zama siririya kamar zare.

"Wane ƙarfe ka ce yana kashe aiki?"

"Tagulla, yallaɓai."

"Wannan fa mece ce?"

"Tagulla ce, yallaɓai."

Ajin ya kwashe da dariya. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Allah ya taimake ni mutumin yana da sauƙin kai. Ya ce tunda na nuna illar gurɓata a aikace, ya ba ni mako guda in sake aikin da ruwa mai tsabta. Madam ta taya ni muka sake haɗa ruwa, ko sau ɗaya ba ta goranta mini ba, kuma na ci.

Yau a wani kamfani nake aiki a hanyar Kakau, alhamdulillahi, ina jin daɗinsa. Amma duk sanda gwaji ya ƙi, kafin in zargi ruwa ko injin, nakan fara tambayar kaina me na tsoma da hannuna.