Ranar Da Shanun Surukina Suka Ja Ni

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na shiga Ɗan Kassari a cikin mota, shanu biyu na jan ta, ni kuwa ina riƙe da sitiyari kamar akwai abin da nake yi.

Zamanin Nasara ne, 'yan shekaru kafin a samu mulkin kai. Na dawo Dogon Dutsi daga Yamai bayan na yi shekara biyu a wani gareji (gaskiyar magana, rabin lokacin wanke ƙarafa nake yi, amma ban gaya wa kowa haka ba). Ƙanen mahaifina, Baffa Arzika, yana da wata tsohuwar baƙar mota da ya saya a gwanjo bayan wani kumandan, Baturen mulki, ya gama da ita. Ko a lokacin ta tsufa. Direbanta, Baba Gado, yana lallaɓa ta kamar mai jego. In sun zo yashi sai ya tsaya, ya rage iskar taya, ya shimfiɗa kaba, su wuce a hankali.

Ni wannan abin kunya ne a wurina. Na ce wa Baffa injin ba shi da ƙarfi, kuma zan ƙara masa.

Baba Gado ya ce, "Ɗana, wanda ya ƙera ta ya auna komai da komai. Ka taɓa ɗaya, ka taɓa duka."

Na ce, "Baba, wannan tsohon yayi ne. A Yamai ba haka ake yi ba."

Baffa, yana jan carbi, ya ce a bar yaro ya gwada.

Ina da dalilin gaggawa. Akwai Hadiza, wadda na haɗu da ita a kasuwa tana sayar da wake tare da gwaggonta, kuma an sa ranar da manya za su je nema mini aurenta. Labari ya zo mini cewa mahaifinta, Malam Noma na Ɗan Kassari, ya ce bai san makanikanci a cikin sana'o'i ba, shi dai ya san gona. Ban taɓa ganinsa ba, don ko inuwarsa aka ce ga ta, sauya hanya nake yi, kamar yadda ya kamata. Na ƙudura cewa in bai gan ni ba, to zai ji ni.

Na cire kabireta, wato abin da ke shayar da inji mai, na sa wadda na ciro daga wata matacciyar babbar mota. Na yanke bututun hayaƙi don murya ta fito. Sannan na yi abin da har yau in na tuna sai na rufe ido: na cire fankar da ke sanyaya inji, saboda na taɓa jin wani yana cewa tana cinye ƙarfi. Baba Gado kuwa yana gefena. Duk abin da na jefar, sai ya ɗauka, ya goge, ya sa a buhu.

A kan hanyar jar ƙasa motar ta yi gudun da ba ta taɓa yi ba. Awaki suka watse, ni kuwa kaina ya ƙara girma. Sai dai Baba Gado ya ce shi ba zai tuƙa abin da bai sani ba. Ka ga matsala: mai neman aure ba ya bin manya gidan surukai. Aka shirya ni zan tuƙa, in sauke su a bakin gari, in ɓuya har su gama.

Muna dab da garin, kusa da wata rijiya, muka tarar da yashi. Baba Gado, yana zaune a baya da buhunsa, ya ce a rage iska. Na ce ba sauran wannan wahala. Na taka mai. Motar ta yi ruri, ta haƙa wa kanta rami har ciki, sannan tururi ya turnuƙe gabanta, ta yi shiru. Manya suka sauka ba wanda ya dube ni, suka nufi wata inuwa can nesa don yin azahar.

Ina tsaye ina zufa sai ga wani dattijo da tsohuwar taguwa, riƙe da guga, ya gama shayar da shanunsa.

Na ce, "Baba, yi sauri ka ɗebo mini ruwa. A'a, ba nan ba, nan za ka zuba. A hankali mana!"

Ya zuba. Ya sake ɗebowa. Ya ce, "Samari, ina zuwa da wannan tsawa?"

Da na yi shiru, da ban da labarin ba ku yau. Sai na ce, "Wurin wani tsoho, Noma. Wai shi makanikanci ba sana'a ba ne. Yau zai gani."

"To, madalla. Ka san shi?"

"Ban san shi ba. An dai ce taurin kai gare shi."

"Haka nika ji," in ji shi, ya koma rijiya.

Yana dawowa da guga na huɗu manya suka iso. Na ga Baffa ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya rusuna. "Malam Noma! Kai da kanka ka ɗibar ruwa?"

Ban san lokacin da na shige ƙarƙashin motar ba. Al'ada ta ce ka ɓuya wa suruki, kuma a duk filin nan ba wani maɓoya. Yashi na ƙona bayana, ruwan zafi na ɗiga a wuyana, ina jin su suna gaisawa a tsanake, har da tambayar lafiyar dabbobi.

Da aka ɗaura wa shanun igiya don su ja motar, Malam Noma ya ce wa Baffa (ba ni ba, don daga lokacin ya daina yi mini magana kai tsaye), "Arzika, a gaya ma wanda ke ƙasa shi hito, kar mu taka baƙo."

Haka muka shiga gari. Mata suka leƙo ta kan darni, wata har da guɗa. Na hango Hadiza ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa. Na ce a raina shi ke nan, aure ya tafi.

Da la'asar Baffa ya fito da amsa. Malam Noma ya ce ya ba ni. Wai ya ga yaron ba ya ƙyamar datti, kuma mai iya kwanciya a yashin azahar don kunya bai lalace ba. Amma da sharaɗi: a mayar wa motar duk abin da aka raba ta da shi, kuma ranar ɗaukar amarya motar ta zo da ƙafarta, don shanunsa suna da aiki.

Baba Gado ya ajiye buhun a gabana. "Ga fankarka, mutumin Yamai."

Kwana uku muka yi muna mayarwa, yana nuna mini dalilin kowane ƙarfe. A nan na fara koyon aikin da na ce na iya. Ranar biki na tsaya a wannan yashin, na rage iska, na shimfiɗa kaba da hannuna, muka wuce lafiya lau.

Motar tana nan a gidana, da injinta na asali. Samari kan zo su ce in sa mata sabo mai ƙarfi. Ba na hana kowa gwaji a kan tasa. Nakan dai ce su adana duk abin da suka cire, kuma kafin su aiki dattijo ɗibar ruwa, su tambayi sunansa.