Tsarabar Uwar Ango

Akwai wani biki a Bungudu da har in mutu ba zan taɓa mantawa da shi ba, kuma magarya ce ta ja mini.

Ba a daɗe da ba mu jiha ba aka mayar da aikin maigidana Gusau, ni kuma na ɗauko mahaifiyata daga Nahuce saboda idonta ya mutu. Tun ranar farko Inna ta fara mita: wai wannan gida ko kukan kurciya babu, siminti ne kawai, ita gida za ta koma. Hankalina ya tashi, don can babu mai kula da ita. Na ce mata ta ba ni lokaci, zan shuka mata magarya a bayan ɗaki, tsuntsaye su zo su ci su yi sheƙa.

Na sha magarya har haƙorana suka mutu, na binne ƙwallayen, na yi ta ban ruwa. Shiru kake ji. Sai Inna ta ce, "Ɗiyata, wanda akuya ta ci ta kasayar shi ka saurin tsirowa."

To, ranar bikin ƙanwar mijina, muna isa gidan ango sai na hango turken awaki a gindin wata magarya. (Mai hankali wucewa zai yi. Ni ba ta wannan nake ba.) Na saci jiki, da leshina da gwaggwarona, na durƙusa na kwashi kashin awaki mai ƙwallaye a ciki, na ƙulle a baƙar leda, na jefa a jaka. Na manta shaf cewa dabinon da na kawo wa uwar ango tsaraba shi ma a baƙar leda yake.

Aka shiga gaisuwa, ɗaki cike da mata. Na russuna, na miƙa leda da hannu biyu, har da cewa, "Ga wannan, Hajiya, ba yawa, a taɓa."

Hajiya ta sa albarka, ta kwance, ta zuba hannu. Wata tsohuwa ta matsa baya tana salati, ta ce, "Dangin amarya sun zo da asiri tun ba a kwana ba."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na fara bayani: akuya, magarya, tsuntsaye, Inna. Duk kalmar da na ƙara sai na ƙara kama da mahaukaciya. Hajiya ta dube ni ta dubi hannunta, sai ta fashe da dariya har da hawaye. Ta ce in dai don uwa ne, a cika mini buhu.

Haka na hau motar Gusau da buhun kashin awaki, direba na ta toshe hanci.

Magarya ta tsiro da damina, cikin 'yan shekaru ta yi ƙaya, ta yi duhu. Wata safiya na tarar da Inna zaune a gindinta, ta karkata kai tana sauraren kurciya da kanari. Ba ta sake zancen Nahuce ba har Allah ya karɓi abarsa.

A Bungudu kuwa har yau sunana Mai Dabino. Ni dai tun daga ranar, ko kuka zan ba mutum, sai na kwance leda na leƙa tukuna.