Iskar da Ta Kai Malam Kaumi Kan Dutse

Allah Ya yi wa Potiskum baiwa biyu: kasuwar shanu, da Malam Kaumi akawu, Baturen Bolewa. Shanun ma albarkacin yawa suka ci. Tun da gogan ya dawo daga kwas a Ingila, tuwo ya yi wa cikinsa nauyi, sallama ta koma ɗaga hula.

"Matsalarku ba ku san hutu ba," in ji shi a teburin mai shayi. "Can, mai daraja yakan hau dutse don kawai ya hau. Ni zan buɗe wa ƙasar nan ido."

Ran Lahadi ya zura gajeren wando da doguwar safa, ya goya jaka kamar mai jego, ya hau basfa, sai duwatsun bayan Gadaka. Gaskiya ya yi ƙoƙari, tumbi na gaba yana biye, har rabin dutse. Nan ya buɗe hannuwa ya shiga rera waƙar Turanci.

Manoman gindin dutse suka ajiye fartanya suka hawo. Dattijonsu, Baba Joda, ya yi sallama.

"Malam, me ya ɓace maka?"

"Ba kome."

"Itace kake nema, ko magani?"

"Haba tsoho! Iska ce ta kawo ni. Ita nake sha, ita ke wartsake ni."

Baba Joda ya dubi magidanci da cinya a waje, ya yi salati. A saninsa, wanda iska ta kai kan dutse, aljanu ne suka kira shi. Tausayi ya kama shi. "Wayyo, ɗan mutane! Ku riƙe shi a hankali."

Kafin ka ce kwabo an ɗaure Bature da igiyar jaki an sauko da shi. Yana ta surfa Turanci, su kuwa suna girgiza kai: "Kun ji, aljanin ma baƙo ne."

Aka lulluɓe shi da bargo, aka tura masa kaskon hayaƙi. In an ɗaga bargo sai Baba Joda ya tambaya, "Me ka je yi kan dutse?"

"Shan iska!"

"A ƙara garwashi. In bai warke ba, a ratsa kasuwar Potiskum da shi a ɗaure, a miƙa wa danginsa."

Kasuwa! A ɗaure! Nan take Malam Kaumi ya daina gardama. In ka ga ƙi-gudu, sa-gudu ne bai zo ba. Da aka sake ɗaga bargo, ya ce da ƙaramar murya, "Baba, akuyata ce ta ɓata."

"Alhamdu lillahi, hankali ya dawo!"

Ya koma gida bai gaya wa kowa ba. Sai dai mutanen karkara akwai amana. Ran kasuwa, ofis cike da jama'a, sai ga Baba Joda janye da wata gurguwar akuya.

"Malam, mun samo ta. Ya jikin? Iskar dai ba ta sake tashi ba ko?"