Ƙwaron da Ya Tuɓe Min Babbar Riga

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka yaye mu daga ajin yaƙi da jahilci. Ko na so in manta ma, Sale ba zai bari ba. Sale taubashina ne, direba a tashar Kawo, ni kuma kafinta. Tun da na shiga ajin ya sa ni gaba. Na ce masa gemu ba ya hana ilimi, ya ce, "Haka ne, amma yana sa gyangyaɗi a aji."

Da aka zaɓe ni in karanta jawabin godiya a gaban baƙi, da ƙafata na je tasha na gayyace shi. Burina ɗaya ne: in karanta takardar nan daga farko har ƙarshe yana zaune yana kallo.

A farfajiyar wata firamare a Kurmin Mashi aka yi taron, da hantsi, ƙarshen damina, ciyayin gindin katanga duk sun yi fure. Zafi ake yi sosai, sai na bar 'yar ciki a gida, na zura babbar riga a kan singiletin aikina (wanda ƙusoshi suka yi wa tagogi ta gaba da ta baya). Maiɗakina Hadiza ta ce, "Malam, a haka za ka fita?" Na ce, "Hadiza, riga za su gani."

Na fara karatu lafiya lau, ina bin layi da yatsa. Sai ga wani ƙwaro ya sauka a kan takardar. Baƙi ne, cikinsa da ratsin ja da ruwan ɗorawa, fukafukansa da ɗigo-ɗigo kamar gilashi. Ni kuwa rina ta taɓa harbina a kan rufin wani gida, idona ya kumbura har 'ya'yana suka kasa gane ni. Na kaɗa takardar. Ya tashi a kasalance, ya yi ɗan zagaye, ya faɗa ta wuyan rigata.

Na manta lasifika na bakina. "Innalillahi! Rina! Ta shiga!" Na yar da takarda, hula ta yi nata waje, na cire babbar riga ta ka na wurgar. Sai ga ni tsaye a gaban baƙi, da mata, da 'yan ajinmu, daga ni sai wando da singileti mai tagogi. Hadiza ta ja mayafi ta rufe fuska. Sale kuwa har ƙasa ya kai don dariya, yana cewa, "A kawo masa labule!"

Malama Rabi, wadda ke koyar da mu, ta ɗaga rigar ta kakkaɓe. Ƙwaron ya hau yatsarta ya zauna abinsa. Ta ce, "Baba Idi, kwantar da hankalinka. Faɗa-wuta ne, ba ya harbi."

Na ce, "Malama, faɗa-wuta da dare yake fita yana zagaya fitila. Me ya kawo shi da rana tsaka?"

Ta ce akwai masu yawo da rana suna shan ruwan fure, kuma sun yi shigar rina ne don tsuntsaye su ƙyale su. "Dubi ƙugunsa. Na rina siriri ne kamar zare, shi kuwa ba shi da ƙugu sam. Ga kuma garin fukafukansa a yatsata."

Na duba. Wallahi ba ƙugu, kamar ni.

To, ni dai har gobe ban yarda na yi wauta ba. Tsuntsun da ke cin ƙwari tun da aka halicce shi ma ya ruɗu, balle ni kafinta? Shugaban taro ya ce in zauna in huta, wani ya ƙarasa. Na ce Allah ya kiyaye. Na mayar da rigata, na ɗauki hulata, na kakkaɓe takarda, na koma layin farko. Ana ta ƙunshe dariya, amma ban tsallake kalma ko ɗaya ba sai da na kai "Mun gode."

Sale ne ya fara tafi. Da aka tashi ya riƙe hannuna ya ce, "Karatu kam ka iya, na sallama. Singiletin ne ya faɗi jarrabawa." Yanzu duk tashar Kawo "Mai Tagogi" suke kirana. Su kira. Ai ni nake karanta wa rabinsu saƙon waya.

Abin da na koya shi ne, kafin ka tuɓe, duba ƙugu tukuna. In kuma matarka ta ce, "A haka za ka fita?" to, koma ciki.