Yaƙin Malam Barmo da Guzan Lambatu

Da sunan Allah muke buɗe tarihin sadauki ɗan sadaukai, Malam Barmo ɗan Tanko ɗan Jatau Mai-Adaka, jikan maharban da giwa kan ji ƙaurin hayaƙinsu ta sauya daji, magajin baka da kwari, ma'abocin shaja'a da tsarkin nasaba, wanda a zamaninmu yake sayar da katifa a bakin titi a Kaduna.

Gidansa na cikin unguwar nan da aka cike fadama aka gina. Abin da mutanen yanzu suka iya ke nan: su kori ruwa, su zuba siminti a kan mazaunin dabba, sannan su yi ta salati in mai wurin ya leƙo. Mai wurin kuwa guza ne, ƙato, ya tare a lambatu, ya mai da akurkin Kande, matar Barmo, wurin karin kumallo.

Kande ta sa wa kazarta ƙwan zabi, tana jiran ƙyanƙyasa. Ranar da ta ga wutsiya ta shige akurki, kaza ta fito tana kyarkyara, sai ta ƙwalla kira: "Malam! Ya shiga! In ya cinye ƙwan nan, wallahi kada ka ƙara yi mini zancen kakanninka a gidan nan!"

Nan fa jinin Jatau ya motsa. Sadauki ya yi ɗamara da rawani, ya nemi adakar gado, tsohuwar bindigar Jatau, ya tuna an sayar da ita shekarar da aka sayi janareta, sai ya riƙi taɓarya a dama, murfin tukunya a hagu, ya fito fagen fama da azama irin ta mazan jiya. Rundunar maƙwabta ta yi sahu a kan katanga, wasu na cewa a kashe a yi farfesu, wasu na cewa aljani ne a ƙyale shi, sauran kuwa waya suka ɗaga, don 'yan zamani ba sa kai gudummawa sai ta hoto.

To, al'adar gidan Jatau ce maharbi ba ya kai duka sai ya gama kirari, kuma yanke kirari a tsakiya abin gori ne har jikoki. Barmo ya tsaya gaban akurki, ya rufe ido, ya ɗaga taɓarya: "Sai ni na Tanko mai kwana kan tsamiya! Sai ni tsoron ɓauna!"

"Malam, yana ci fa!"

"Ke Kande, kada ki katse ni! Ban zo kan Jatau ba tukuna!"

Ya bi kakanni ɗaya bayan ɗaya, na uba da na uwa, da naman da kowanne ya kayar. Abokin gaba kuwa ya ci gaba da aikinsa a natse. Da ya ƙoshi, ya fito yana jan ciki, ya dubi mai kirari, ya ratsa ta gefen ƙafarsa, ya zurara lambatu.

Barmo ya buɗe ido ya leƙa, fage wayam. "Allahu akbar! Kun gani? Murya kaɗai ta kore shi!"

Kande ta durƙusa tana lalube. Cikin ɓawo ta sami ƙwai ɗaya lafiyayye, ta ajiye shi a ƙasa a hankali, tana cewa, "Alhamdulillahi, ko wannan ma arziki ne."

Shi kuwa gwarzo, ganin jama'a na yi masa tafi, sai ya shiga takun nasara irin na maharba, yana juyi, yana ja da baya, yana dukan ƙasa da diddige.

Ƙwas!

Kande ta dubi ƙasan takalminsa, ta ɗago ta dube shi.

"Malam, wannan kuma wane kakan naka ne ya koya maka?"

Tarihi bai riƙe amsarsa ba.