Yadda Na Makarar da Kawu Ɗaurin Aure

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren Yaya Binta ba, ko da na so. Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni.

Lokacin ban daɗe da koyon haɗa manhajar waya ba, kaina ya kumbura. Na haɗa wata mai ƙirga saura kwana nawa, awa nawa a ɗaura. Na zuba mata furanni, na rubuta baitina biyu a ƙasa (kar ku tambaye ni baitin). Lokacin ɗaurin auren kuwa, ƙarfe sha ɗaya, cire shi na yi, wai yana ɓata ado.

Na bi dangi ina saka musu, har Kawu Sale, ƙanin marigayi Babanmu, wanda shi ne waliyyi. Dillalin shanu ne a Maigatari, ga shi da mantuwa. Ya ce, "Yawwa 'yar boko, kin hutar da ni. Abin da ta ce shi zan bi."

Ashe wayarsa tsarabar Umra ce. A saitinta har yanzu tana Makka, agogon kawai wani mai gyaran waya ya ja masa da hannu ya dace da namu. Makka ta riga mu da awa biyu, sai manhajata ta zauna jiran ƙarfe ɗaya. Ni da na gwada ta a wayoyi huɗu ina ta murmushi, ban duba wannan ba.

Ranar, liman ya zauna, dangin ango daga Gagarawa suka zauna, rana ta take. Aka kira Kawu har aka gaji, yana tsakiyar kasuwar shanu, bai ji ba. Ƙarshe wani ɗan'uwa na nesa ne ya ba da auren. Yaya ta yi kuka, don Kawu kaɗai ya rage mata a madadin Baba.

Sha biyu da rabi Kawu ya iso gidanmu a Gumel, ana naɗe tabarmi. Ya shigo tsakar gida, mata cike, ya miƙo min wayar.

"Hauwa, karanta min. Me ta ce?"

"Saura minti talatin, Kawu."

"To je ki gaya wa liman ya warware, ban makara ba."

Ba wanda ya yi dariya sai da ya fita, kuma ko ruwa bai sha ba.

Haushin kaina nake ji, da na mai gyaran da ya ja agogon. Yanzu kafin in saka wa dattijo komai, sai na fara bincika wace ƙasa wayarsa take zaton tana zaune.