Ranar da Na Yi wa Laftof ɗin Anti Rahila Ƙaura

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na durƙusa a tsakar gidan Anti Rahila ba, gaban mata bakwai da kaskon cincin, na tona wa kaina asirin da ba wanda ya tambaye ni. Mutane suna jin kunya a ɓoye, ni tawa sai da ta tara 'yan kallo.

Bari in faro muku daga tushe. Ina da 'yar rumfa a Tudun Wada, daidai inda masu keke suke juyawa. Ina tura wa mutane fim a waya, ina manna gilashi a fuskar waya, in waya ta ƙi tashi in yi ta jijjiga ta ina harararta har ta ji kunya ta tashi. A saman rumfar an rubuta INJINIYA da jan fenti. (Ni na rubuta. Ba wanda ya ba ni sunan, amma ai ba wanda ya zo ya goge.) Karatu kuwa na yi daidai gwargwado, wato har zuwa inda ni da makarantar muka fahimci juna, muka rabu ba faɗa.

Anti Rahila maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya ta raba mu. Nas ce, ta san ni tun ina yawo ba wando, rabin alluran da ke jikina ma ita ta tsira mini su. Da girmanta ta koma karatun digiri na biyu. Shekara biyu cur tana bin asibitocin ƙauye tana auna jinin mata masu ciki, duk abin da ta samo sai ta zuba shi a laftof ɗinta. Ɗanta Bulus, wanda muka yi firamare tare (shi ya wuce jami'a, ni na wuce bakin titi), shi ya shirya mata laftof ɗin. Abin da take lissafin da shi ba ya aiki a Windows ɗin nan da kowa ya sani, sai ya saka mata wani tsarin, Linux, a cikin Windows ɗin. Kamar ɗan haya ke nan. Gida na Windows ne, amma an ba Linux ɗaki, yana harkarsa. A cikin ɗakin akwai foldar da shi Linux yake ɗauka gidan mai kwamfutar, kuma a nan duk aikin Anti yake kwance. Baƙin allo ne da fararen rubutu, ba hoto, ba abin dannawa. Sai dai ka rubuta masa abin da kake so, kamar mai aika wa hakimi takarda.

To, ɓangaren ma'ajiyar laftof ɗin da ake kira C, inda wannan folda take, sai ya cika ya yi jajir, laftof ta riƙa nishi. Ɓangaren D kuwa fili fetal. Abin da Anti take so kawai a mayar da foldar gidan can D. Bulus yana hidimar ƙasa a wani ƙauye can kudu, inda sai an hau tudu ake samun sabis. Ita kuma ga aikin asibiti, ga Kirsimeti saura mako ɗaya, ga malaminta yana jiran babi na huɗu da an dawo hutu. Ta yi wa Innata ƙorafi ta kan katanga. Inna, Allah ya saka mata, ta ce ai ga ɗanta nan Injiniya, me za a jira?

Da na shiga, Anti ta dube ni ta saman tabarau ta tambaye ni ko na san Linux. Maganar gaskiya, ranar na fara jin sunan, na ma ɗauka maganin mura ne. Amma bakina ba ya shawara da ni kafin ya buɗe.

"Anti, ai da shi muke karya kumallo," na ce.

Ta miƙo mini laftof da caja, ta ce in riƙe ta kamar jaririya, duk wahalarta tana ciki.

Na kai rumfa, na nemo bidiyon wani mutum a intanet yana koyar da yadda ake yi. Bidiyon minti goma sha ɗaya ne. Ni na kalli huɗu. (Turancinsa yana gudu kamar ana bin sa, kuma ga wani ya tsaya a kaina yana son a tura masa fim.) Na ga dai ya buɗe sabuwar folda a D, ya rubuta layi ɗaya yana shaida wa Linux cewa daga yau can ne gida. Na kwaikwaya harafi da harafi, harshe a waje. Laftof ba ta yi gardama ba, ba ta yi ja ba, ba ta ce uffan ba. Na rufe, na miƙe tsaye na yi miƙa, har na gaya wa mai shayin kusa da ni cewa aikin jami'a nake yi yau, kada a dame ni da ƙananan wayoyi.

Sannan na sake buɗewa, na rubuta ɗan umarnin da ke nuna abin da ke cikin folda.

Ba komai.

Na sake rubutawa. Ba komai. Na kashe na kunna. Na cire caja na mayar. Na hura kibod ɗin. Na karkata laftof ɗin gefe, ban san me nake tsammani zai gangaro ba. Ɗan farin layin nan sai ƙyafta mini ido yake yi a kan baƙin allo, ni da shi muna kallon juna. Shekara biyu na matan ƙauye, da hawan babur, da rana, da ruwan sama, na share su tas tsakanin azahar da la'asar.

Kwana uku na yi ina ƙarya, kuma ku yarda da ni, na iya. Ranar farko na ce wa Anti laftof tana hutawa, ba a son a motsa ta bayan babban aiki. (Nas ce, sai na yi mata da yarenta.) Rana ta biyu na ce fayilolin suna kan hanya, sun yi nauyi ne. A ɓoye kuwa na ɗauki laftof ɗin zuwa Kwangila wajen wani abokina mai gyara. Ya leƙa baƙin allon, ya ja da baya, ya ce shi ƙarfe ya sani, wannan kuwa sai dai addu'a. Na buɗe lambar Bulus ya fi sau goma, sai in tuna yadda zai yi mini dariyar nan tasa ta hanci, in rufe. Har na yi tunanin gudu gidan kawuna a Dutsen Abba, sai na tuna Anti tana zuwa can rigakafi. Komawa in ƙarasa bidiyon kuwa ko a raina bai zo ba. A ganina mai bidiyon ne ya cuce ni, na riga na yi fushi da shi.

Inna ta lura na bar tuwo a kwano har sau biyu, abin da bai taɓa faruwa ba ko ina zazzaɓi. Ta tambaye ni ko yarinya ce. Na ce ina ma.

Rana ta uku da la'asar matan layinmu suka taru gidan Anti suyan cincin ɗin Kirsimeti, kamar yadda ita ma take zuwa namu suyan naman Sallah. Ga Inna tana murza ƙulli, ga Hajiya Ladi mai ƙosai a bakin kasko, ita ce shugabar wuta, ga sauran suna yanka suna hira. Sai na ji muryar Anti ta kan katanga tana cewa in kawo laftof ɗin haka nan, ko tana hutawa ko tana barci, tana son ta duba wani abu.

Na rungumi laftof na shiga. A zaure na shirya ƙarya ta huɗu, mai kyau ce ma, har da ƙwayar cuta daga ƙasar waje. Amma da na ga Anti da gari a goshi tana yi mini murmushi, tana cewa a ɗebo wa Injiniya cincin mai zafi, sai ƙafafuna suka yanke hukunci ba da sanina ba. Na ji ni a ƙasa, gwiwa biyu.

"Anti, na kashe miki aiki. Babu komai a ciki. Duk ya tafi."

Tsakar gida ta yi tsit, sai ƙarar mai. Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Amma shirun nan ya tsorata ni, kuma ni in na tsorata magana nake yi. Na ce ni ba injiniya ba ne. Na ce takardar da ke rataye a rumfata ta horon mako uku ce, kuma kwana tara na je. Na ce ban taɓa ganin Linux ba sai a hannunta. Hawaye suka zo, majina ta biyo baya, abu ya zama kamar an fasa tulu. Na juya wajen Inna na ce wayarta da na riƙe kwana huɗu ina gyara, kashewa kawai na yi na kunna. Na juya wajen Hajiya Ladi na ce hotunan bikin 'yarta da suka ɓace a wayarta, ba ƙwayar cuta ba ce, yatsana ne ya zame. Hajiya ta tsaya da matsami a sama, mai yana ɗiga. Sannan, don in gama wanke kaina gaba ɗaya, na ce gwaibar bayan gidan nan da aka yi wa Bulus bulala a kanta muna aji huɗu, ni na tsinke ta, shi gadi kawai ya yi mini.

Duk wannan abin Anti ba ta katse ni ba. Ta goge hannu a zani, ta karɓi laftof ta ɗora a cinya, ta gyara tabarau.

"Ka gama?"

Na ce na gama.

"To tsaya. Ka goge wani abu?"

"A'a, Anti."

"Ka kwashe wani abu ka kai wani wuri?"

"A'a. Na dai gaya mata sabon gida."

"Ka gaya mata sabon gida, ba ka kai kaya ba. To wa zai kai su? Aljanu?"

Ta sa aka miƙo mata wani ɗan littafi mai koren bango daga jakarta. Ashe kafin Bulus ya tafi sai da ta zaunar da shi ya koya mata abubuwa, ta rubuce su tsaf da rubutun nan nata na katin asibiti. Ta duba shafi, ta buga da yatsa ɗaya, a hankali, tana karanta kowane harafi a fili. Ta koma tsohuwar foldar. Sai ga sunaye sun zubo reras, sun cika allon, babi na ɗaya, babi na biyu, asibiti kaza, asibiti kaza. Ko ɗaya bai motsa daga inda yake ba. Kwana uku suna zaune lafiya lau, ni ina can ina yi musu zaman makoki a ƙofar ɗakin da ba kowa.

Hajiya Ladi ce ta fara. Dariyar ta taso mata tun daga ciki, har sai da ta ajiye matsamin ta dafa bango. Sauran suka ɗauka. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa, tana cewa ita ba ta san ɗan wa ne wannan ba. Anti ta yi dariya har ta cire tabarau tana share ido. Ni kuwa ina nan a durƙushe, na rasa yadda ake tashi daga irin wannan durƙuson. Kaskon farko ya ƙone ƙurmus, aka ce shi ne rabona.

Anti ba ta bar ni na sulale ba. Ta ce in jawo kujera 'yar tsugunno in zauna kusa da ita. Tana karantowa daga littafin ina bugawa, muka kwafe kayan zuwa sabon wurin, ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya ta tabbatar sun iso da rai. Ta ce kada in kuskura in taɓa na tsohon wurin sai Bulus ya dawo. Daga nan aka ba ni wuƙa da faranti, na yanka cincin har magariba, Hajiya Ladi tana lissafa mini hotunan da na ɓatar, wanda amarya ta yi kyau a ciki da wanda dangin ango suka fito kamar an kama su. Ta ce ta yafe, amma kowace safiya in na zo sayen ƙosai sai ta tambaye ni ko yatsan ya warke.

Ranar Kirsimeti Bulus ya hau tudunsa ya kira gida. Ban san me aka gaya masa ba, na dai ga saƙo ya shigo wayata: bulala shida ce, yana nan tafe, in tanadi baya.

Anti ta miƙa babinta a kan lokaci. Ni ma na ƙaru, don a daddafe na koma na ƙarasa bidiyon, kuma a minti na biyar daidai mutumin ya ɗaga yatsa yana gargaɗin kada a manta a kwashe kaya. Bawan Allah, ashe bai cuce ni ba.

Abin da na koya dai shi ne, in abu ya ɓace maka, leƙa inda ka baro shi kafin ka fara kuka. In kuma har ta kama sai ka durƙusa, to ka amsa laifin da ya kawo ka kawai, ka rufe baki. Sauran a bar su sai an tambaya.